Ƙadangaruwar da Ta Rasa Inda Za Ta Yi Ƙwai

Akwai wani mutum mai gida, katanga ɗaya ce ta raba shi da ƙanensa. Wata shekara kawunsu, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar waje, ya dawo gida. Ya kawo musu tsarabar da ba a taɓa ganin irinta a garin ba, wato ƙadangaru biyu masu gemu, irin waɗanda mutanen can suke kiwo a gida. Ba sa gudun mutum, a ƙarƙashin haɓarsu kuma akwai ƙayoyi kamar gemu. Ɗaya namiji ne, ɗaya mace. Kawun ya ce babba ya fara zaɓa. Mutumin ya ɗauki macen, gama a lokacin ta fi girma.

Da suka girma sai na ƙanen ya yi kyau ƙwarai. Jikinsa ya yi ja kamar garwashi, in ya kumbura gemunsa kuwa sai ya yi baƙi wuluk. Ran Lahadi, in an tashi daga sujada, mutane sukan biya gidan ƙanen su kalle shi. Ta wan kuwa launinta kamar toka ne, ba mai tambayarta. Mutumin yakan zauna a tsakar gidansa yana jin dariyar mutane ta bayan katanga, abin yana cinsa a rai. Ya ce a zuciyarsa, ai shi ya fara zaɓa, yaya aka yi mai kyaun ya faɗa hannun ƙanensa?

Sai ya sa aka yi mata akwatin gilashi wanda ya fi na ƙanensa girma. Ya kwashe yashin da take kwanciya a kai, domin yana ɓata gilashin, ya shimfiɗa mata tayil mai sheƙi. Ya ɗauke ta daga inda take shan hantsi, ya kai ta falo domin baƙi su gani. Ya yi ta ɗura mata fara da gyare, yana so ta fi ta kowa ƙiba.

Ana nan sai cikinta ya fara kumbura. Mutumin ya yi murna, ya ce wa matarsa yanzu za a san wanda ya iya kiwo. Amma ƙadangaruwar ta rage cin abinci. Ta kan je kusurwar akwatin ta yi ta ƙarzar tayil da faratanta, ta koma wata kusurwar ta sake, har faratan suka cinye.

Wata rana ya kira ƙanensa domin ya nuna masa girmanta. Ƙanen ya ɗauke ta, ya shafa cikinta a hankali, ya ji ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan gyaɗa. Ya ce, “Yaya, wannan ba ƙiba ba ce. Ƙwai ne a cikinta, wurin haƙa rami take nema. Ka sa mata yashi mai danshi, ka mai da ita rana, in ba haka ba ƙwan zai maƙale.”

Mutumin ya ce namiji bai taɓa kusantarta ba, ina za ta sami ƙwai? Ƙanen ya amsa masa cewa ko kaza takan yi ƙwai ba zakara. Amma wan bai ji wannan ba. Abin da ya gani kawai shi ne ƙanensa ya zo gidansa, ya ga abu mai kyau, bai yaba ba. Ya karɓe ta daga hannunsa, ya ce, “Na gane. Ka ga ta fi naka girma, shi ya sa kake so in binne ta cikin ƙasa.”

Ƙanen ya tafi. Da yamma ya aiko da kwano cike da yashi mai danshi. Mutumin ya zubar da shi a bayan gida, ya mayar da kwanon.

Bayan 'yan kwanaki ta daina ci gaba ɗaya. Idanunta suka faɗa, ƙafafunta na baya suka ƙi ɗaukarta, sai jan ciki take yi. Matar mutumin ta roƙe shi ya kira ƙanensa, ya ƙi. Sai da ya ga ta kwanta ba ta ɗaga kai, sa'an nan ya naɗe ta a zane ya kai ta wurin likitan dabbobi a birni. Likitan ya duba, ya ce ƙwan ya daɗe a maƙale, har wani ya fashe a ciki. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma kafin rana ta faɗi ta mutu.

Da ƙanen ya ji, ya zo da fartanyarsa, shi ya haƙa ramin da za a binne ta. Ya yi wa wansa jaje, idanunsa sun cika da hawaye. Wan yana tsaye a bakin ramin, abin da ya fara zuwa masa a zuciya kuwa shi ne, na ƙanensa yana nan da rai.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙadangaruwar nan ita ce abin da Allah ya danƙa a hannunka, ko ɗanka, ko matarka, ko gonarka, ko ɗan aikin da aka ba ka a ikilisiya. Mutumin nan ba mugu ba ne, bai hana ta abinci ba. Amma duk abin da ya yi mata, ya yi shi ne yana leƙen gidan ƙanensa. Shi ya sa ta yi kwanaki tana ƙarzar tayil a gabansa, bai gani ba.

Ƙaunatattu, haka waɗansunmu suke da 'ya'yansu. Ɗan maƙwabci ya zo na ɗaya a makaranta, sai mu matsa wa namu, mu yi ta kwatanta shi da wancan. Yaron ya yi shiru, ya rame, ba mu tambaye shi abin da yake damunsa ba.

Kishi kuma yakan toshe kunne. Mai kishi yana tsammanin kowa irin zuciyarsa gare shi, don haka in ɗan'uwansa ya kawo masa gaskiya, sai ya ce hassada ce. Sau da yawa kuwa Ubangiji yakan aiko mana da taimako ta hannun wanda muke jin haushinsa.

Ku lura kuma, hasarar ba ta warkar da mutumin ba. Kishi ba ya fita don an sha wahala, sai an tuba, an roƙi Allah sabuwar zuciya. Saboda haka in ka koma gida yau, ka dubi abin da yake naka da kyau, ka ga ko akwai abin da yake nema a wurinka. In kuwa akwai ɗan'uwan da ka mayar masa da alherinsa, ka je wurinsa tun abin da ke hannunka yana da rai.