Telan da Ya Tsaga Rigar Mahaifinsa

Akwai wani tela, autan gidansu, da mahaifinsa ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Tsohon ya samu sauƙi har yana takawa da sanda, amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Riga ma sai an saka masa kamar jariri.

Mutum ne da bai saba a yi masa abu ba, sai ya daina fitowa daga ɗaki. Ko abokansa sun zo, cewa yake a ce yana barci. Kullum ƙara ramewa yake.

Telan ya kasa jurewa. Ya ɗauko rigar da tsohon ya fi so, ya sa almakashi ya farke ta daga wuya zuwa kafaɗa har ƙasa, don a shige ta ta gefe.

Yayansa ya same shi a kan keken ɗinki. "Auta, kanka ɗaya kuwa? Ka taɓa ganin riga mai ƙofa?"

"Ban taɓa ba, Yaya. Baba ma ban taɓa ganin yana ɓuya ba sai yanzu."

Telan ya jera mata maɓallai ya kai wa tsohon. Hannu ɗaya kuwa ba ya saka maɓalli. Tsohon ya yi ta fama har ya haɗa gumi, sannan ya yi jifa da ita.

"Ka lalata min riga, ka kuma mayar da ni abin dariya. Fita."

Maganar ta yi masa ciwo, amma bai zauna yana kumbure-kumbure ba. Ya cire maɓallan, ya ɓanɓaro maɗaurin nan mai mannewa daga tsofaffin takalman 'yarsa, ya ɗinka shi ta ciki yadda ido ba zai gani ba. Ya ajiye rigar a bakin gado, ya fito.

Can sai ga ƙarar sanda. Tsohon ne tsaye, riga ta zauna daram.

Yayan ya ce, "Baba, wa ya saka maka?"

"Wa ka gani a ɗakin?"

Tsohon ya dubi telan. "Wuyan ya yi faɗi, ka rage. Sauran rigunan suna cikin akwati, duk ka tsaga su."

Darasi: Don ba a taɓa yin abu ba, ba shi ne ba ya yiwuwa ba. In dabara ta zo maka, gwada. In ta ƙi, gyara, ba zaman tagumi ba. Ku tura wa wanda tsoron dariyar mutane ya ɗaure wa hannu.