Sai Fenti Ya Bushe

Akwai wani dattijo mai suna Irimiya, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana aikin reluwe. Da ɗaga wa jirgin ƙasa tuta ya fara, har ya zama shugaban wata ƙaramar tasha kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai tsoron Allah, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma fa yana da hali guda: ba ya nuna aikin da bai gama ba. Ko kujera zai gyara, sai ya shige da ita ɗaki, ba mai ganinta sai ta tsaya da ƙafafunta huɗu.

Ana nan sai ciwon ido ya kama matarsa Damaris. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, magani zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsai da shi ba. Duk abin da take so ta gani, ta gan shi bana.

A cikin kwanakin nan 'yarsu Tabita, wadda take aiki a ƙasar waje, ta aiko wa mahaifinta babban kwali. A ciki akwai ɗan jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki, da taragai, da layin dogo gutsure-gutsure, da ƙananan gidaje na roba waɗanda ba a harhaɗa ba: bango dabam, rufi dabam, ƙofofi kamar farcen yatsa, sai an manna su da gam an shafa musu fenti. Damaris ta ɗauki bango ɗaya, ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Baban Tabita, da ma ka gina mini tsohuwar tasharmu, da gidan da ka kai ni ina amarya. An rushe shi, ko hotonsa ba mu da shi. In sake ganinsa sau ɗaya kafin duhu ya rufe ni."

Ya ce, "Za ki gan shi, in Ubangiji ya yarda."

Sai ya kafa katako mai faɗi a ɗakin baƙi, ya shimfiɗa layin dogo a kai, ya tankaɗe yashi ya zuba a gefensa. Gidajen irin na Turai ne masu tsinin rufi, don haka ya bi su da reza yana ragewa, yana ƙara musu baranda, har suka koma gidajen ma'aikatan reluwe sak. Ya gina tasha, da tankin ruwa, da ɗakin sigina. Kowace yamma yakan rufe aikin da zane, ya ja ƙofa ya sa makulli.

Cikin wata biyu gari ya tsaya. Jirgi yana zagayawa, yana tsayawa a tasha. Duk wanda ya taɓa zama a wurin, da ya leƙo zai kira sunan garin. Ranar ce ya kamata ya kira matarsa, ga ta can tsakar gida tana tsince wake, taku goma tsakaninsu.

Amma ina! Da ya durƙusa ya sa ido a tagar wani gida, sai ya hango farar roba a ciki. Ashe ya yi kuskuren sabon hannu: ya manna rufi kafin ya shafa wa cikin gidajen fenti, alhali buroshi ba ya shiga ta tagar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Wa zai lura da wannan? Babu, sai mai durƙuso irinsa. Duk da haka abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauki reza ya ɓamɓare rufin gida goma sha ɗaya, ya koma farko.

Damaris ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Baban Tabita, in shigo?"

"Tukuna. Sai fenti ya bushe."

"Jiya a ƙofar coci ban gane ƙanwata ba sai da ta yi magana."

"Mako biyu kawai, Maman Tabita. Ba na so ki gan shi a haka."

Kai, jama'a, wannan magana tana ba ni takaici duk lokacin da na zo kanta! Mace tana gaya maka fitilarta tana mutuwa, kai kana lissafin bushewar fenti. Kuma kada ku ce ba ya ƙaunarta. Yana ƙaunarta ƙwarai, shi ya sa yake so ya miƙa mata abu marar aibi.

Mako biyu ya zama wata. Da ya gama ciki, sai ya ga launin bango bai yi masa ba, wai na ainihi ruwan ɗorawa ne wanda rana ta dafa. Ya goge, ya sake, har sau uku. Daga nan ya koma kan tsatsar kwano, yana haɗa ja da ƙasa-ƙasa, yana ɗigawa da buroshi mai gashi uku. Damina ta wuce, aka yi girbi. Damaris ta daina ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuwa ya ɗauka haƙuri ta ƙara.

Wata Asabar da safe ya ajiye buroshi, ya duba ko'ina, bai sami abin gyara ba. Ya fita da murna ya kamo hannunta. Ya fi wata guda yana jan ta da hannu zuwa coci, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba. Ya buɗe tagogi duka, rana ta cika ɗakin. Ya yaye zanen, ya kunna jirgi.

Ya ce, "To, duba."

Ta tsaya. Fuskarta ba ta kan teburin, kunnenta ne ya karkata wajen ƙarar.

Ta ce, "Ina jin jirgin. Ina gidan yake?"

Ya kama yatsanta ya ɗora a kan rufin. Ta shafa a hankali, ta gangaro. "Ga baranda," in ji ta. "Ga tagar ɗakinmu. Ka kyauta." Ta sunkuya ta shinshina. "Fentin kuwa warinsa kaɗai nake ji. Wane launi ne?"

Ya buɗe baki zai faɗa, kuka ya ƙwace masa. Dattijo mai furfura ya durƙusa a gefen teburin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta lalubo kansa ta dafa, ba faɗa, ba zargi.

Ta ce, "Da ka bar ni na gan shi tun yana fari fat, ai da na gane shi."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Irimiya shi ne ni, shi ne kai, shi ne ke. Ƙaramin garin shi ne alherin da Ubangiji ya sa a zuciyarmu mu yi. Idon Damaris shi ne lokacin da aka ba mu, wanda yake raguwa ko mun lura ko ba mu lura ba. Fentin kuwa shi ne jinkirin da yake zuwa mana da kamannin ƙwazo, har mu riƙa yabon kanmu a kansa.

Wani a cikinmu yana cewa zai tuba ya zo wurin Yesu, amma sai ya gyara halinsa tukuna. Wa ya ce maka gyararru yake nema? Kawo masa ranka yadda yake, ba rufi, ba fenti, shi ne zai ƙarasa aikin. Wata tana so ta nemi gafarar 'yar'uwarta, shekara uku ke nan tana neman kalmomin da suka dace. Wani mahaifiyarsa tana kwance a ƙauye, yana jira sai ya sami abin kirki da zai riƙe a hannu. Ita fuskarka take so ta gani.

Hakika ina gaya muku, Allah mai gafara ne, zai gafarta mana jinkirinmu in mun roƙe shi. Amma ranar da ta wuce ba ya mayar da ita. Kowa ya san sunan wanda ya faɗo masa a rai tun da na fara magana. In an tashi sujada, kada ka biya gida tukuna, wuce wurinsa.