Sandar Gwaggo Tabawa

Ku matso, kowa ya ajiye abin hannunsa, yau sai mun yi shari'a.

A tsohuwar hanyar fataken Gwanja akwai wani mashigin kogi da ke sauya wuri duk damina. Inda bara ruwa ke iya gwiwa, bana sai ya shanye raƙumi. Babu mai gane shi sai Gwaggo Tabawa, wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ke lalubo ƙasa mai ƙarfi da sandarta. Al'adar wurin guda ce: in ta ƙetarar da ayari, ayarin ya ba ta namiji ɗaya ya riƙe hannunta har gaɓar gidansu.

Rannan ayarin Madugu Barau ya iso da jakuna sittin ɗauke da kanwa. Gwaggo ta dubi ruwan, ta ce an yi ruwan sama a gabas, a jira gobe. Madugu ya turo ciki, ya gyara rawani, ya ce, "Haba Gwaggo! Ni da na ƙetare Kwara sau tara, wannan fitsarin kwaɗon zai kwanar da ni?" Ya dame ta, ya haɗa ta da Allah, har ta shiga gaba.

Ana tsakiyar kogi wani jaki ya kafe a laka. Jagaban ayarin, Tanko, ya fizge sandar daga hannun tsohuwa. "Ara mini, uwata, yanzun nan!" Ya ɗaga jakin da ita, jaki ya fita, sanda ta karye gida biyu. Ko sannu bai ce ba, ya wurgar da guntayen ya bi kanwarsa.

Da aka haye lafiya, aka ce Jatau ƙanen madugu ya mayar da ita. Ya kai ta tsibirin yashi na tsakiya, ya waiwaya, ya ga ƙurar ayari ta yi nisa. Sai ya karyar da wuya, ya sa murya kamar ta sabuwar amarya: "Gwaggo, ai saura kaɗan, ke da kika fi kifi sanin ruwan nan." Ya saki hannunta. Ya saki! Ƙato da gemu har ƙirji.

Ruwa ya ƙaru, ya cinye yashin, ya tafi da ita. Sai washegari masunta suka same ta maƙale da saiwar giyayya, jiki duk ya kumbura, baki kuwa ras, tana jera musu sunayen mutum uku da na kakanninsu.

Bayan wata biyar ayari ya dawo da goro, ga kogi a cike. Suka yi ta kira daga can gaɓa, "Gwaggo, don girman Allah!" Ta ce ko kare ba za ta ƙetarar ba. Sarkin Ruwa ya durƙusa ya ce mata akwai mata da raunana a ayarin da ba su yi mata komai ba. Sannan ta ce to, kowa ya zo, amma mutum ɗaya zai zauna can har rani ya busar da kogin, goronsa ya ruɓe a gabansa.

Madugu ya ce shi magana kawai ya yi. Tanko ya ce dukiyar jama'a ya ceta. Jatau ya ce shi ai har rabin hanya ya kai ta.

To, ku da ke zaune kuna tsaki, wa za ta bari a bakin gaɓa?