Ɗankwalin da Uwani Ta Ɗaure Tamau

Yau ba zan lallaɓa kowa ba. Akwai mutanen da suke kwantar da 'yan uwansu da yabo, kuma sun san kansu. Su ne masu cewa, "Ai wance ƙarfe ce, ba ta gajiya." Suna faɗa, ita kuma tana ƙara matse kanta don kada ta ba su kunya. Ranar da ta faɗi, bakinsu ne zai riga na kowa cewa ƙaddara ce.

Akwai wata mata mai suna Uwani, 'yar Rano, aure ya kawo ta Gyadi-Gyadi. Tela ce, keken ɗinkinta na ƙafa yana bakin ɗakinta a wani gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya. Mijinta Zakariyya dako yake yi a kasuwa, suna da 'ya mai suna Binta. Ƙafar daman da Uwani take taka keken nan da ita, ita ke riƙe da fiye da rabin gidan.

Ɗakin da ke kallon nata na Miriam ne, 'yar Zonkwa, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Maman Paul kowa yake ce mata.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, gari ya rikice da anko. Duk kansilan da ya ci zaɓe sai matan unguwarsa sun yi masa kaya iri ɗaya na ranar walima. Ran nan sai ga Hajiya Asabe, shugabar matan wata jam'iyya a Unguwar Gano, da turamen atamfa cikin tasi. Riga da zani na mata sittin take so, cikin kwana tara.

Ta ce, "Teloli uku na zaga, duk ragwaye. Na ce musu ku riƙe kekunanku, ina da Uwani. Ita ba mutum ba ce, inji ce."

Kan Uwani ya fasu. Ta ce, "Hajiya, ki dawo Juma'a ta sama."

To ga inda ta fara cutar kanta. Banɗaki ɗaya ne a gidan, kullum da layi. Sai Uwani ta daina shan ruwa da rana, don kada fitsari ya tashe ta daga kan keke. Yunwa in ta taso, ta jefa ɓarin goro a baki. Sallah ma a guje take yin ta.

Kwana na uku kai ya fara sara mata. Ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi: ta shafa man zafi a goshi, ta ɗaure kan da ɗankwali tamau, ta ci gaba da taka keke.

Maman Paul ta dawo daga aikin safe ta tarar da ita haka.

"Maman Binta, wannan ɗaurin fa? Kan ne zai gudu?"

"Ciwo na ɗaure. In na matse shi yana yin shiru."

"Ba shiru yake yi ba, ke ce kike daina ji. Tashi, minti biyar kawai na roƙe ki. Kwance ɗankwalin nan, ki sha ruwa kofi guda, ki watsa saura a fuska da bayan wuya. Ki miƙe ki juya kafaɗu. Ki ja numfashi a hankali har sau biyar, ki ɗaga ido daga kan allura ki kalli nesa. Shi ke nan, ki koma."

Uwani ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sannu, likita. Minti biyar ɗin nan hannun riga guda ne. Ku 'yan albashi kun saba, a sha shayi a yi hira, wata ya ƙare."

"Ni? Awa takwas nake tsaye a kan marasa lafiya. Amma ko sama za ta faɗo, sai na zagaya baya na cire takalmi na zauna na huta. Shi ya sa kika ga ina dawowa da ƙafata."

"To ki huta mana mu biyu."

Matan gidan suka yi dariya, Maman Paul ta shige ɗaki.

Kwana na shida ido ya fara yi wa Uwani dishi-dishi. Matar da take zura zare a allura ba tare da ta duba ba, sai ga ta tana lalube har sau huɗu. Maman Paul ta gani. Da yamma ta fito da abin awon jini, ta ce ta miƙo hannu.

Uwani ta janye. "Na san ki. In kin auna za ki ce in kwanta. Bari a wuce Juma'a, ki auna har ƙafa."

Maman Paul ta juya wurin mijin, yana zaune yana cin tuwo. "Malam Zakariyya, ka sa baki mana. Ka ga idonta kuwa?"

Ya suɗe hannu ya ce, "Ƙyale ta, Maman Paul, ta saba. Ko ranar da ta haifi Binta, da safe sai da ta gama wata riga."

Da alfahari ya faɗa, kun ji. Ita kuma ta yi murmushi ta ƙara jan ɗankwali.

Alhamis da hantsi an gama hamsin da ɗaya, saura tara. Maman Paul ba ta da aiki ranar, tana shanya a tsakar gida, sai ta ji keke ya tsaya a tsakiyar ɗinki. Kwana takwas ba a ji ya yi shiru da rana haka ba. Ta kira, ba a amsa ba.

Ta tarar da Uwani ta kife a kan atamfa. Baki ya karkace, yawu yana zuba, ƙafar dama ta zame daga kan mataki tana kwance kamar ba tata ba. Tana ƙoƙarin magana, ba a gane komai. Da Maman Paul ta kwance ɗankwalin, shatinsa ya nutse a goshi kamar an ɗaure da igiya.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinta ba a sani ba, gajiya da rashin hutu suka ingiza shi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Da la'asar Hajiya Asabe ta zo. Gidan ta zo, ba asibiti ba. Ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Ayya, Allah ya ba ta lafiya. Guda nawa suka rage?" Ta kwashe ɗinkakku, ta naɗe sauran taran ta kai wa wani tela a Daurawa.

Juma'a aka yi walima. Mata sittin suka fito fes, aka yi kiɗa, aka ci shinkafa. Babu wadda ta tambayi wa ya ɗinka abin da ke jikinta.

Uwani ta rayu. Tana tafiya tana jan ƙafa, tana dafa bango. Keken ya yi wata shida a rufe da tsohon zani kafin a fitar da shi daga gidan.

Da ƙaramar sallah ta zo, Zakariyya ya kai yadin Binta wurin telan bakin titi. Yarinya ta kawo rigar da murna ta nuna wa uwarta. Kallo ɗaya Uwani ta yi ta ga wuyan ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Aikin da za ta gyara kafin ruwan shayi ya tafasa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, maganar ta ƙi fitowa daidai. Sai ta miƙa wa yarinyar rigar da hannun hagu, ta juya fuska ga bango.

Kada wani ya zo min nan ya ce na ce minti biyar yana maganin hawan jini. Ban ce ba. Amma wanda yake tsayawa shi yake jin abin da jikinsa ke gaya masa, har ya je a auna shi tun da sauran lokaci. Wanda ya toshe ciwo da man zafi da goro da ƙwaya, ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi ne kawai.

Darasi: Ranar da aiki ya fi yawa, ranar ce ka fi buƙatar tsayawa. Sha ruwa, wanke fuska, miƙe jiki, ja numfashi, ciwon kai in ya nace ka je a auna jininka, domin aiki zai sami wani mai yi, iyalinka ba za su sami wani kamarka ba. Tura wannan ga mutumin da ba ka taɓa ganin ya zauna ba. Kai ma da kake karantawa, kafaɗunka a ɗage suke, haƙoranka a cije, tun safe ba ka ba kanka ko minti ɗaya ba. In ƙarya na yi maka, fito fili ka musa.