Mai Sulhun Da Ya Koma Haɗa Faɗa

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani tela a wata unguwa, mutum mai daɗin baki. Matasan unguwar sun rabu gida biyu, 'yan bayan gareji da 'yan bakin kasuwa, kullum sara da suka. Shi ne ya shiga tsakani. Ya zaunar da shugabanninsu, Dogo da Baƙi, a kan bencin shagonsa, ya yi wata uku yana lallashi har suka ajiye wuƙaƙe. Ɗan ƙanwarsa ma a hannunsa ya bar daba, ya kama aikin kanikanci.

Unguwa ta samu lafiya. Iyaye mata suna sa masa albarka, in ana taro kujerar gaba ake ba shi.

Da zaman lafiya ya daɗe, sai aka daina nemansa. Benci ya zama wayam, daga shi sai ƙarar keken ɗinki. Abin ya tsaya masa a rai. Kun ga ƙofar da Shaiɗan yake bi?

Rannan Dogo ya kawo ɗinki, tela ya rage murya ya ce, "Ɗana, ka bar wannan a cikinka. Baƙi yana cewa tsoro ne ya sa ka yarda da sulhu." Bayan kwana biyu ya gaya wa Baƙi irin wannan. Ba jini yake so ba. So yake a ɗan yi hayaniya, a dawo a ce, "Baba, taimaka mana."

Amma wa ya gaya masa fushin matashi yana da ma'auni?

Da tsakar rana aka gwabza a ƙofar gareji. Ɗan ƙanwar nan ya fito daga ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, ya shiga rabon faɗa kamar yadda ya ga kawunsa yana yi. Wuƙa ta same shi a wuya. Kafin a isa asibiti ya cika.

'Yan sanda suka kama Dogo da Baƙi. Aka tambayi kowannensu, a gaban iyaye, wa ya kawo masa maganar. Bakinsu ya zo ɗaya: tela ne.

Tela yana zaune yana karɓar gaisuwa, ƙanwarsa ta fito ta tsaya a kansa. Ta ce, "Yaya, tashi daga tabarmar nan. Ba kai za a yi wa gaisuwar ɗana ba."

Ba wanda ya taɓa lafiyarsa. Ɗinki dai aka daina kai masa. In ya doso majalisa, sai hira ta mutu. Ƙarshe ya sayar da keken, ya bar unguwar, ko mai rakiya bai samu ba.

Ya 'yan uwa, sulhu amana ce. Wanda ya sasanta mutane don Allah, murna yake yi ranar da aka daina buƙatarsa. Kai da ake kira in matasa sun rikice, tambayi zuciyarka: lafiyarsu kake nema, ko sunanka?

Allah ya tsarkake niyyarmu, ya shiryi 'ya'yanmu, ya kiyaye mu daga sharrin harsunanmu. Amin.