Kwanon Toka da Makullin Lambu

A wata unguwa akwai wani kafinta matashi, gwani a sana'arsa. In ya ƙera maka kujera, sai ka ji kamar kada ka zauna a kanta don kyau. Ga fara'a, ga gaskiya. Aibinsa guda ne tak, ba shi da haƙurin jira ko na ƙiftawar ido. In ya shafa wa tebur fenti, kafin ya bushe sai ya danna yatsa ya gani, shi ya sa kusan duk teburin da ya fita daga shagonsa za ka tarar da tambarin babban yatsansa a gefe. Shayi kuwa bai taɓa shansa bai ƙone harshe ba. Komai nasa yanzu-yanzu ne, har sunansa na yanka ya ɓata, kowa Yanzu-Yanzu yake kiransa, shi kuma yana amsawa tun ba a gama kiran ba.

Allah cikin ikonsa sai ya haɗa shi da mata mai sanyin hali da kunya. Maganarta a hankali take fitowa, kamar ana ɗiga mai daga kwalba. Kafin ta kai rabin zance ya ƙarasa mata, sau da yawa kuma ba abin da take nufi ke nan ba. Sai ta yi murmushi kawai ta ci gaba da aikinta.

Kafinta yana da yaya guda, wanda ke riƙe da lambun da mahaifinsu ya bari a bayan gari. Ya daɗe yana roƙon a ba shi makullin lambun, shi ma ya dasa nasa mangwaron a gefe guda. Kullum amsar Yaya ɗaya ce: "Kai? Kai da ka tone ƙwallon mangwaro muna yara don ka ga ko ya fara tsiro? Abu mai rai ba ya zama a hannunka."

Ana nan sai tafiya ta kama Yaya. Maƙwabcinsa na lambu ya yarda zai riƙa ba itatuwa ruwa, amma ya ce shi da kare sai dai gaisuwa daga nesa. Dole Yaya ya jawo karen da ke gadin lambun ya kawo gidan ƙanensa. Sunansa Toka, saboda launin gashinsa. Ya zo da kwanonsa na ƙarfe da igiyarsa.

"Ga amana," in ji Yaya. "Ragowar shinkafa da ɗan nama ko kan kifi ya ishe shi. In na dawo na same shi yadda na bar shi, sai mu yi maganar makulli."

"Yaya, ka ɗauka makullin yana aljihuna!"

"Yana aljihuna dai tukuna," Yaya ya ce, ya tafi.

Kafinta ya ɗaure Toka a inuwar bayan shagonsa da ke jikin gidan, kusa da tarin katako. Bai jira komai ba ya cika kwano da shinkafa ya dangwara masa, ya tsaya a kansa hannu a ƙugu. Toka ya sunsuna, ya dubi ƙofar da ubangidansa ya fita, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Baƙon wuri ne, ga ƙarar zarto, ga ƙaton mutum tsaye a kansa yana ta "Ci mana! Ci!"

"Bai so," in ji kafinta. "Amarya, akwai ƙwai?"

"Ai da ka ɗan..."

"Ɗan soya masa? Haka ne, soyayye ya fi ƙamshi."

Aka soya ƙwai. Toka ya lashe. Kafinta ya yi tsalle, ya ce ya gano bakin zaren. Washegari aka kawo ƙwai, Toka ya sunsuna ya ɗan dakata. Dakatawar nan ba ta kai ta haɗiyar yawu ba, amma tuni kafinta ya janye kwano ya ruga ya sayo kifi. Daga kifi aka koma tsoka, daga tsoka aka koma hanta.

Shi kuwa Toka ba wawa ba ne. Ya lura cewa in ya ci abin da aka ba shi, shi ke nan. In kuwa ya kau da kai, abin da ya fi shi daɗi na tafe a guje. Sai ya ƙware. In aka ajiye kwano, sai ya dube shi da gefen ido, ya yi hamma, ya juya baya. Bayan haka ma, kafinta ba ya barin cikin karen ya huta. Yana cikin feƙe katako sai ya ajiye, ya leƙa, ya jefa masa yankin burodi. Ya buga ƙusa biyu, ya sake leƙawa da guntun nama. Igiya kuwa ya ce ba za a kwance ba, kada kare ya yi yawo ɗan abin da ke jikinsa ya zube.

Mahaucin bakin titi ya gaji da ganinsa. "Yanzu-Yanzu, biki ake a gidanku ba a gayyace mu ba?"

"Ina fa! Kare ne."

"Kare ke cin hantar nan? Don Allah ka tambaye shi ko zai yi musanya da ni. Wallahi na iya haushi."

Ita ma matar, in ta fito zubar da ruwa ta gan shi tsugune gaban Toka yana lallashi, sai ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe bai tashi karyawa ba ne?" Ita da mijinta kam shinkafa da mai suke ci, ƙamshin hanta kuma yana wucewa ta gabanta zuwa bayan shago.

Da abin ya ƙi ƙarewa, kafinta ya kira likitan dabbobi. Likita ya zo a kan babur, ya duba haƙoran Toka da idanunsa, ya latsa cikinsa, ya auna zafin jikinsa.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ba ciwon haƙori, ba tsutsa. Abin da za ka yi, da farko ka riƙa ɗan ɗumama abincin, ka zuba masa romo kaɗan don ƙamshi ya tashi. Na biyu kuma..."

"Romo! Yanzu-yanzu!"

Kafin likita ya rufe baki, kafinta ya kai bakin titi. Da ya dawo da ƙullin ƙashi, babur ya tafi.

Matar ta fito daga kicin tana goge hannu. "Maigida, bayan fitarka likita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in gaya maka..."

"Romo. Na ji, ai ina wurin."

"A'a, ya ce kuma..."

"Kuɗinsa? Zan kai masa. Ɗora tukunya!"

Romon ma aka yi shi irin na gaggawa, mai maiƙo kamar a shafa a ƙafa, aka zuba a kan hanta da ƙwai da madara gaba ɗaya. Toka ya ci, cikinsa ya ɓaci. Ya yi amai a kan katakon da aka feƙe na gadon wata amarya. Daga nan ko hanta aka kawo sai ya kau da kai. Gashinsa ya daina sheƙi, ya kwanta shiru ko haushi ba ya yi.

A ranar ce Yaya ya bugo waya. "Ƙarshen mako ina tafe. Yaya Toka?"

"Lafiya... lau," in ji kafinta, muryarsa kamar ta wanda ya haɗiyi ƙusa.

Ya ajiye waya, ya zauna a kan benci a tsakar gida, ya zabga tagumi. Makulli ya tafi, ga kunyar Yaya, ga tausayin dabbar da ba ta yi masa laifin komai ba. Matar tana tsintar shinkafa a faranti, ta ɗago ta dube shi. Ta jira ya yi magana, bai yi ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa samun fili mai faɗin wannan ba, sai ta gyara zama.

"Maigida, in faɗi sauran saƙon likita?"

"Akwai saura?"

"Ai romon shi ne ɗan ƙaramin. Ya ce a sa masa lokaci, safe da yamma. A ajiye kwano a wuri mai shiru, kowa ya ba shi wuri. In an ɗan jima bai ci ba, a ɗauke, kada a canza masa wani, kada a jefa masa komai sai lokaci ya sake yi. Ruwa dai kada ya yanke. Ya ce a kwance shi ya yi tafiya, karen lambu ne, zama ba ya kawo yunwa. In an yi haka ya wuce yini bai ci ba, ko aka ga ya yi laushi, a sake kiransa."

Kafinta ya buɗe baki. "Duk wannan ya faɗa? Me ya hana ki gaya mini?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ina ta farawa."

Kunya ta kama shi. Ya sosa ƙeya, ya ɗauki waya ya kira likita ya ba shi labarin aman. Wannan karon ya saurara har ƙarshe, yana cizon leɓe. Likita ya ce a bar cikin ya huta zuwa yamma, a fara da farar shinkafa da ɗan dafaffen nama marar kitse, sauran kuma yadda ya gaya wa uwargida.

Da yamma matar ta ɗumama shinkafar, ta yayyafa romo marar maiƙo. Kafinta ya mayar da Toka can ƙarƙashin bishiya nesa da zarto, ya ajiye masa kwano, ya koma shago. Sai dai ta ramin katako yake leƙe. Toka ya sunsuna, ya yi hammarsa ta sarauta, ya juya baya, ya zuba wa ƙofar shago ido yana jiran hanta.

Kafinta ya juyo wurin matarsa. "Amarya, ko ɗan ƙwai ɗaya..."

Sai ta miƙo masa kofin shayi mai tururi. "Riƙe wannan. In ya huce, ka je ka ɗauke kwanon."

Ranar ce ya fara sanin ɗanɗanon shayi. Da ya huce, ya je ya ɗauke kwano cike. Toka ya bi shi da kallon mamaki, har da ɗan kuka siriri. Kafinta ya toshe kunne ya shige ɗaki.

Da safe ya kwance igiya ya riƙe a hannu, suka fita. Wai shi zai kai kare yawo, sai kare ya kai shi. Toka ya shaƙi iskar waje, ya miƙe kunnuwa, ya figi kafinta ta gaban mahauci, ta bayan makaranta, har filin ƙwallo. Mahauci ya ɗaga wuƙa yana dariya: "Yau an samu wanda ya fi Yanzu-Yanzu sauri!"

Suka dawo kowa harshe a waje. Bayan sun huta aka ajiye kwano, kafinta ya koma ramin leƙensa. Toka ya sunsuna. Ya dubi ƙofar shago, ba kowa. Ya sake sunsunawa. Sai ya sa baki. Kafin ka ce me, kwano yana ƙara a ƙasa yana turawa da hanci.

"Ya ci! Amar..."

Ta ɗora yatsa a baki daga ƙofar kicin. Ya haɗiye sauran ihun, ya yi rawarsa shiru a tsakanin katako.

Haka aka ci gaba, safe da yamma, yawo da kwano, har gashin Toka ya dawo da sheƙinsa, haushinsa ya hana akuyoyin unguwa leƙowa.

Ranar da Yaya ya iso, daidai lokacin abincin yamma ne. Toka ya yi ta tsalle yana kaɗa wutsiya. Da murna ta lafa, kafinta ya kawo kwano ya ajiye, ya ce, "Yaya, mu koma can kan benci." Suka zauna.

Sai Toka, ko don ganin baƙo ya tuna tsohon halinsa, ya sunsuna ya kau da kai. Ya yi hamma. Ya kalli kafinta kai tsaye.

Ga Yaya a gefe yana kallo, ga ragowar nama a kicin taku kaɗan. Ya ji ƙafarsa tana son miƙewa. Sai ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, ya ce, "Yaya, ya hanya?"

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ba za ka tashi ka yi wani abu ba?"

"Zai ci. A ba shi lokaci."

Suka yi hirar hanya, suka yi ta mota. Can sai ga ƙarar kwano a ƙasa. Toka ya share shi tas.

Yaya bai kalli karen ba ma, ƙanensa yake kallo. "Amarya," ya ɗaga murya, "wannan mijinki ne ko an canza miki shi?"

Daga kicin aka ji ƙaramar dariya. "Shi ne, Yaya. Toka ne ya sa shi a makaranta."

Yaya ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya ajiye a tafin ƙanensa. "Ga shi. Amma ka sani, mangwaron da za ka dasa sai ya yi shekaru kafin ka ɗanɗana."

Kafinta ya zaro ido. "Shekaru? Babu irin da ke yi yanz..." Sai ya hango Toka yana lasar baki. Ya ja numfashi, ya jefa makulli a aljihu. "Allah ya kai mu," ya ce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa takan ɓata abin da ƙauna take son gyarawa. Kafinta bai ƙi karen ba, son da yake masa ne ya rasa haƙuri, har ya hana shi jin yunwar da za ta sa ya ci. Dabba ko yaro ko itace, duk mai rai yana da lokacinsa, kuma ba kowace buƙata ake biya da ƙari ba, wata da jira ake biyanta. Sannan in ana yi maka magana, ka bari a kai ƙarshe, musamman in mai maganar ba mai yawan surutu ba ne. Sau da yawa maganin da kake gudu kana nema a bakin titi yana cikin rabin zancen da ka katse a gida.