Malam Haladu Mai Juya Duwatsu

An taɓa yin wani bawan Allah, shekarun baya, a wani gari da ke bakin tafki. Sunan garin ba zai ƙare ku da komai ba, shi dai mutumin sunansa Malam Haladu. Ku saurara da kyau, har kai da ka jingina da ginshiƙi kana lumshe ido, don labarin ya shafe ka.

Malam Haladu masanin ruwa ne. Ba mai haƙa rijiya ba, ba kuma mai gyaran famfo ba. Karatu ya yi mai zurfi a kan tafki da rafi da abin da ke rayuwa a cikinsu, sai hukuma ta ajiye shi a garinsu ya riƙa duba lafiyar tafkin. In ka gan shi ba za ka ce ya taɓa shiga aji ba. Wando a naɗe, ƙafa duk laka, kwalabe suna ƙara a bayan keke. Da an idar da asuba sai ya nufi ruwa. Ya ɗebi na mashaya, ya shiga kwale-kwale ya ɗebi na tsakiya, ya zura igiya ya ɗebo na ƙasa, sannan ya zagaya can gabas inda ƙorama take zubowa cikin tafkin, ya kutsa cikin ciyayi, taɓo har cinya. Kowace kwalba sai ya ɗauraye ta da ruwan wurin kafin ya cika ta. Haka yake yi rani da damina.

A bakin ƙoramar nan yakan durƙusa ya ɗaga dutse, ya juya shi, ya ƙura masa ido. Shi ya sa gari ya raɗa masa Mai Juya Duwatsu. 'Ya'yan mazari yake dubawa da ƙananan ƙwari irinsu, waɗanda suke maƙale a ƙarƙashin dutse kafin su yi fiffike su tashi. Yakan ce, "Waɗannan ba su iya ƙarya ba. In ruwa na da lafiya, za ka same su. In ya ɓaci, su ne farkon tafiya."

Yana da wa, sunansa Sallau. Ubansu ya rasu Haladu yana ƙarami, Sallau ne ya riƙe shi. Lambu gare shi a saman ƙoramar, tumatir da tattasai da albasa, kuma da gumin lambun nan ya kai ƙanensa makaranta har inda karatu ya tsaya. Yakan tsokane shi ya ce, "Na sha rana na ba ka ilimi, ka dawo kana gaisawa da ƙwari." Su yi dariya, su ci tuwo a kwano ɗaya. Haladu yana son wansa so mai tsanani, bai san wani uba ba sai shi.

To, garin suna da al'adar yin su, wato kamun kifi na gayya. Sarkin Ruwa, wani dattijo mai suna Barau, yakan hana kamun kifi a tafkin shekara guda, sai ƙarshen rani ya buɗe, jama'a su faɗa da homa da gora, a kama na ci da na sayarwa da na kyafewa. Tun da aka kawo Malam Haladu, Sarkin Ruwa ba ya buɗewa sai ya ji daga bakinsa cewa ruwa lafiya.

Wata shekara, su ya matso, an aika wa ƙauyuka, masunta sun gama ɗinkin homa. Malam Haladu ya je gabas kamar kullum, ya ɗaga dutse. Babu komai. Ya ɗaga wani, babu. Ya ɗaga wani, sai gawar 'yan ƙwari ta zube a tafin hannunsa. Ya bi ƙoramar yana hawa, yana juya duwatsu, yana juyawa, duk wayam, har ya wuce wani lambu. Yana wuce shi, dutsen farko da ya ɗaga, ga su nan suna motsi. Ya dawo baya ya duba gaɓar. Ga wurin da ma'aikata suke wanke tankin feshi, ga robobin maganin ƙwari a zube, ruwa yana lasarsu.

Jama'a, lambun wa kuke tsammani? Lambun Sallau ne.

Ya daɗe a tsaye cikin ruwan. Babu mai ganinsa. Ruwan gabas da na mashaya duk kamarsu ɗaya a kwalba, garai-garai. Da ya juya ya cika kwalaben a mashaya, wa zai sani? Ku faɗa mini, wa zai sani? Amma ya sunkuya ya ɗauraye kwalba, ya cika ta a nan inda yake tsaye. Ya sa aka kamo masa tarwaɗa daga wannan gefen, ya kai birni aka auna. Sakamako ya fito, akwai guba a ruwan, akwai ta a naman kifin.

Bai fara zuwa wajen kowa ba sai wajen wansa. Ya same shi a lambu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa komai.

Sallau ya ce, "To, na ji. Za a daina. Kai dai ka ce ruwa lafiya."

"Yaya, gubar ta riga ta shiga kifin. Yara za su ci, masu ciki za su ci."

"To ka ce ba ka san daga inda ta fito ba."

"Na sani, Yaya. In an tambaye ni zan faɗa."

Sallau ya ajiye fartanya ya dube shi. "Haladu, ni za ka tsayar a gaban gari? Lambun nan shi ya saya maka takalmin da ka fara sawa."

Hawaye ya zubo wa Haladu. Ya ce, "Wallahi ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Amma ba ka kai ni makaranta don in koyo yadda ake ciyar da mutane guba ba."

Daga nan ya wuce wajen Sarkin Ruwa. Dattijo ya saurara, sannan ya ce, "Malam, baƙi suna hanya. Tafkin nan da faɗi yake. Ka ɗebi na nan kusa ka sake aunawa mana."

"Ranka ya daɗe, na nan kusa zai fito lafiya, na sani tun ban auna ba. Amma kifi ba ya zama wuri ɗaya."

"Daga ina abin ya fito?"

Ku ji fa, ga dattawa a zaune, ga masunta a tsaye. Malam Haladu ya sunkuyar da kai ya ce, "Daga lambun yayana."

Aka fasa su a shekarar nan. Kada ku zaci an yi masa godiya. Wa zai gode wa wanda ya hana shi kifi? Masunta suka daina amsa sallamarsa. In ya wuce a keke sai a ce, "Ga wanda ya fifita ƙwari a kan ɗan'uwansa." Wannan duk mai sauƙi ne. Mai zafin shi ne Sallau ya ɗaure masa fuska. Ranar Juma'a Haladu ya je gaisuwa kamar yadda ya saba, ya yi sallama, aka bar shi a zaure. Wata Juma'ar ya koma, aka bar shi a zaure. Ya koma, ya sake komawa. Abin yana cin ransa, har ya rame, amma bai fasa zuwa ba, bai kuma janye maganarsa ba.

Bai tsaya a nan ba. Ya ɗauki diga da shebur ya hau tudu, nesa da ƙorama, ya haƙa rami da hannunsa, ya daɓe shi da yumɓu, ya zuba gawayi. Ya bi gaɓa ya tsince robobin nan kakaf. In ma'aikatan lambu sun gama feshi, sai su tarar da shi yana jira. Ya karɓi tankin ya goya a baya, ya hau tudu ya wanke a ramin, ya dawo musu da shi. Mutum mai digiri, yana wanke wa 'yan ƙwadago tanki. Da farko dariya suke yi, daga baya kunya ta kama su suka riƙa hawa da kansu. Sallau yana gani daga cikin tattasai.

Damina ta zo ta wuce, ƙorama ta cika ta janye. Malam Haladu yana nan yana juya duwatsu, yana samunsu wayam, yana komowa.

Ran nan da sassafe ya iso gabas, sai ya hango mutum a cikin ruwa, ya naɗe wando, ya sunkuya. Ya matsa. Sallau ne, da furfurarsa, riƙe da dutse yana ɗiga. Bai ɗago kai ba, ya miƙo dutsen ya ce, "Waɗannan ne?"

Haladu ya duba. Ga su nan, ƙanana, suna rarrafe. Ya ce, "Su ne, Yaya."

"Tun yaushe nake zuwa ina dubawa kafin ka iso. To yanzu sai a buɗe tafki a yi su?"

"A'a, Yaya. Sai na kai ruwan da kifin birni an auna."

Sallau ya dube shi, ya girgiza kai. "Wannan taurin kai, ban san inda ka samo shi ba." Sai ya miƙa hannu. "Kawo kwalbar. A nan ake ɗaurayewa, ko?"

Awo ya fito lafiya. Aka yi su a shekarar, aka ci kifi, babu wanda ya kwanta. 'Yan'uwan nan biyu suka koma cin tuwo a kwano ɗaya.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba a gaban mutane ake gwada ta ba, a inda babu mai gani ne, kuma sau da yawa da wanda ka fi so ake gwada ka. Kai mai awo, kai mai sayar da magani, kai da aka ce ka duba gini ka sa hannu, kowannenku yana da wurin da in ya ɗebo daga nan komai zai fito lafiya, kuma ya san ba nan ya kamata ya ɗebo ba. Rufa wa ɗan'uwa asiri a kan abin da zai cuci jama'a ba zumunci ba ne. Amma ku lura, Malam Haladu bai faɗi gaskiya ya kaɗe riga ya tafi ba. Ya faɗa, ya ɗauki diga, ya ci gaba da zuwa gaisuwa. Mu kuwa, wasunmu sun iya faɗar gaskiya su yanke zumunci, wasunmu sun iya riƙe zumunci su binne gaskiya. Ana son ka riƙe duka biyun, ko da za a bar ka a zaure.

Gobe in ka je wurin aikinka, ka ɗebo daga inda ya kamata. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa kada wani ya cutu ta hannunmu. Amin.